Korewar Lamba a Hausa da a Harshen Kwamfuta: Yaushe Gargaɗi Yake Wajaba?

9.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin korewa a jimlar Hausa, inda aka ga aikin ba … ba, da babu, da kada. Wannan babi zai kai korewa wani fagen da ɗalibin Hausa bai saba shiga ba, wato fagen harsunan da ake rubuta wa kwamfuta umarni da su. Akwai wata tambaya da masu wannan sana'a suka daɗe suna ja-in-ja a kanta: idan marubuci ya sa alamar ɗebewa a gaban lambar da aka riga aka ce ba ta sauka ƙasa da sifiri, shin ya kamata manhajar da ke fassara rubutunsa ta gargaɗe shi, ko kuwa ta yi shiru ta zartar? A fuska, tambayar ta injiniyoyi ce. Amma idan aka tone ta sai a tarar ta nahawu da ma'ana ce, kuma irinta ce malamin Hausa yake fuskanta duk ranar da ya ɗauki jan biro ya zauna gyaran insha'in yara: jimla ta hau ƙa'ida, amma akwai alamar cewa abin da ta faɗa ba shi yaron yake nufi ba.

9.1 Ragi a Ƙidayar Hausa

Bahaushe ya daɗe da sanin ragi a cikin ƙidayarsa. Idan adadi ya kusa cika goma-goma, yakan ambaci cikon da ke gaba, sannan ya cire abin da ya rage. Dubi waɗannan misalai:

(1) ashirin ba ɗaya (19)
(2) talatin babu biyu (28)
(3) metan gaira ashirin (180)
(4) ƙarfe huɗu saura kwata (3:45)

Kalmar gaira ta misali na (3) aro ce daga Larabci, kuma yau ba kasafai ake jin ta a bakin matasa ba sai a cikin furucin nan na "babu gaira babu dalili". Abin lura a dukkan misalan shi ne, kalmar ragi tana tsakiyar adadi biyu ne: wanda ake cirewa daga cikinsa yana hagu, wanda ake cirewa yana dama. Idan aka cire na hagun, ginin ya rushe:

(5) *Manomi ya sami buhun riɗi ba biyu.

Jimla ta (5) ba ta nufin cewa manomin ya sami buhu biyu ƙasa da sifiri. Ba ta nufin komai. Dalili kuwa shi ne abubuwan da ake ƙirgawa da hannu, kamar buhu da akuya da ɗalibi, suna da iyaka daga ƙasa, iyakar kuwa ita ce babu. Manomin Kangire da ya kai buhu uku kasuwa ba zai sayar da biyar daga cikinsu ba. Idan har ya karɓi kuɗin biyar, to Hausa ba ta ce yana da buhu ƙasa da sifiri, sai ta sauya kalma ta ce ana bin sa buhu biyu. Bashi shi ne sunan da harshen ya ba abin da lissafin boko yake rubutawa da −2. Ba Bahaushe kaɗai ya bi wannan hanya ba. Brahmagupta, masanin lissafi na Indiya, da dukiya da bashi ya bayyana waɗannan lambobi a littafinsa na shekarar 628.

Akwai wuri ɗaya da adadin hagu yake ɓacewa amma magana ta zauna daidai. Idan mutane suna jiran La'asar, wani ya tambayi lokaci aka ce masa "saura kwata", ya fahimta, domin kowa ya san ƙarfe nawa ake nufi. An shafe adadin daga furuci, mai sauraro ya cike shi da kansa. A riƙe wannan batu na shafewa, domin shi ne mabuɗin duk abin da zai biyo baya.

9.2 Lamba Mai Alama da Marar Alama

Kwamfuta tana ajiye lamba a cikin gurabe ƙayyadaddu, kowane gurbi yana ɗaukar 0 ko 1, ana kiransa bit. Gurabe 8 suna ba da siffofi 256, gurabe 32 kuwa suna ba da 4,294,967,296. Harshen C, wanda Dennis Ritchie ya tsara a Bell Labs ta Amurka a farkon shekarun 1970, yana ba marubuci damar ya zaɓi yadda za a karanta waɗannan siffofi. Idan ya ce lambar mai alama ce, sai a raba su gida biyu, daga −2,147,483,648 zuwa 2,147,483,647. Idan ya ce marar alama ce, sai a fara daga 0 har zuwa 4,294,967,295, babu ko ɗaya a ƙasa da sifiri. Da harshen nahawu, wannan zaɓi kamar sanya kalma a aji ne. Mai alama ajin kuɗi ce, tana karɓar bashi. Marar alama ajin buhu da akuya ce.

To me zai faru idan ƙidaya ta kai iyaka? Duk wanda ya taɓa lura da tsohuwar mitar babur ɗin ɗan acaɓa ya ga amsar: idan ta cika 99999, sai ta koma 00000. Da za a iya murɗa ta baya daga 00000, da 99999 za ta nuna. Kwanakin mako ma haka suke. A ba Lahadi lamba 0, Litinin 1, har zuwa Asabar 6. Wanda ya koma baya kwana biyu daga Lahadi zai faɗa ranar Juma'a, wato 5. Bai faɗa wata rana mai suna −2 ba, domin mako ba shi da ita. Biyar ɗin nan kuwa ba komai ba ce illa "bakwai ba biyu". Wannan lissafin zagaye ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Sananniyar hanyar cika hatimi mai gidaje mara ita ce, lambar da ta fita ta saman hatimi sai ta shigo ta ƙasansa. Kuma a kan irin waɗannan hatimai ne Muhammadu ɗan Muhammadu Alkatsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutunsa na Larabci a 1732.

Ƙa'idar C ta ɗauki wannan zagaye ta mayar da shi doka ga lamba marar alama. Saboda haka idan x marar alama ce mai gurabe 32, tana ɗauke da 5, aka rubuta −x, amsar da za ta fito ita ce 4,294,967,291. Marubuci ya rubuta "ba biyar", ya shafe adadin hagu, yana zaton kowa ya san sifiri yake nufi. Na'ura ta cike gurbin da nata adadin, ta karanta "4,294,967,296 ba biyar", kamar dai yadda "ashirin ba ɗaya" take ba da 19. Babu wanda ya karya ƙa'ida a cikinsu. Sun dai cike abin da aka shafe da adadi daban-daban.

9.3 Inda Ɓarnar Take Ɓuya

A ƙaddara an rubuta wa wata makarantar firamare a Kangire manhajar rajista. Aji uku yana da yara 45, biyar sun bar makaranta a lokacin girbi. Mai rubuta manhajar ya ajiye adadin waɗanda suka tafi a lamba marar alama, abin da yake daidai, tun da yara ba sa zama ƙasa da sifiri. Sai ya so ya nuna canjin a matsayin ragi, ya kore lambar.

Abin mamaki, idan ya tara 45 da wannan ƙatuwar lamba a cikin gurabe 32, amsa za ta zagaya ta fito 40 cif. Zai gwada, ya ga daidai, ya kwanta da daɗin rai. Ɓarnar ba za ta fito ba sai a wani wuri. Idan ya rubuta umarnin cewa "in canji ya gaza sifiri, a sanar da hedimasta yara sun ragu", sanarwar ba za ta taɓa zuwa ba, domin 4,294,967,291 ba ta gaza sifiri ba. Idan kuma aka kwafe lambar zuwa wata mai gurabe 64 don haɗa jimillar makarantun Birnin Kudu da Gwaram, zagayen ya ɓace, sai rahoto ya nuna aji ɗaya ya ƙaru da yara fiye da biliyan huɗu. Wannan na biyu da sauƙi, kowa zai gan shi ya yi dariya. Na farkon ne mugu, domin shiru ba ya jawo hankalin kowa.

Har ila yau akwai harshen damo a cikin ƙa'idar kanta. Idan lambar marar alama ƙarama ce, mai gurabe 8 ko 16, to a kwamfutocin yau C yakan fara ɗaga ta zuwa mai alama kafin ya kore ta, sai amsa ta fito −5 kamar yadda marubuci ya zata. Rubutu ɗaya ke nan, −x, amma ma'anarsa tana sauyawa gwargwadon faɗin lambar, faɗin kuwa wataƙila an ambace shi a wani shafi can nesa da inda mai karatu yake dubawa.

Kada a ɗauka zagayen lamba wasan lissafi ne kurum. Tsakanin 1985 da 1987, na'urar gashin ciwon daji mai suna Therac-25 ta ƙona majinyata da hasken da ya wuce kima sau shida a Amurka da Kanada, wasunsu suka mutu. Ɗaya daga cikin kurakuran da aka gano shi ne wata lamba mai gurabe 8 da ake ta ƙara mata ɗaya. Idan ta kai 256 sai ta koma sifiri, manhajar kuwa tana ɗaukar sifiri a matsayin "komai lafiya", ta tsallake bincike. Wancan ƙari ne, ba korewa ba, amma uwarsu ɗaya.

9.4 Saɓanin Mafassara

Manhajar da ke juya rubutun mutum zuwa lambobin da na'ura ke ganewa ana ce mata kwamfaila; a wannan babi za a kira ta mafassari. Mafassari yana da hukunci uku a kan kowace jimla: ya zartar da ita shiru, ko ya zartar amma ya yi gargaɗi, ko ya ƙi ta ɗungurungum. A kan −x marar alama, an sami masu bin kowane ɗaya daga cikin ukun.

Mafassarin kamfanin Microsoft yana gargaɗi, gargaɗin ma har da lambarsa, C4146, yana tunatar da marubuci cewa amsar tana nan marar alama. Idan aka kunna zaɓin tsaro da ake kira SDL, gargaɗin ya zama kuskuren da ke hana fassara. GCC da Clang kuwa, a tsarinsu na yau da kullum, ba sa cewa uffan. Ƙa'idojin MISRA, waɗanda masana'antar motoci ta Ingila ta fara fitarwa a 1998 don manhajar da rai ya rataya a kanta, sun haramta wannan rubutu ga mabiyansu. Harsunan da aka tsara daga baya sun yanke hukunci tun daga tushe. Java, wanda ya fito a 1995, ya kauce wa rigimar ta hanyar ƙin tanadar irin wannan aji na lamba don lissafin yau da kullum. Rust, wanda sigarsa ta farko tabbatacciya ta fito a 2015, yana ƙin jimlar, amma ya tanadi wata kalma ta musamman ga mai son korewa da zagaye, don ya faɗi nufinsa da baki.

Masu adawa da gargaɗi ba su rasa hujja ba, kuma hujjarsu ta cancanci a saurare ta da kyau. Suna cewa ƙa'idar harshe ta fayyace ma'anar wannan jimla sarai, babu shubuha a cikinta, kuma ƙwararru suna amfani da ita da gangan. Akwai dabarar da ake haɗa x da −x don ciro bit mafi ƙanƙanta da ke ɗauke da 1, wadda tsarin da Peter Fenwick ya wallafa a 1994 ya dogara da ita. Akwai kuma wani abu da ya fi wannan nauyi. Lamba mai alama mafi ƙanƙanta, −2,147,483,648, ba ta da kishiya a ajinta, domin mafi girma ta tsaya a 2,147,483,647. Kore ta a matsayin mai alama abu ne da ƙa'idar C ta ce ba ta lamunci sakamakonsa ba. Komai na iya faruwa. Hanya mai aminci ita ce a mayar da ita marar alama tukuna, sannan a kore. Ashe ke nan, in ji su, mafassari yana tsawata wa wanda ya bi hanyar lafiya, ya ƙyale wanda ya bi ta rami. Suka ƙara da cewa gargaɗi idan ya yi yawa yakan zama kukan kurciya da ba mai tsayawa ya fassara, har ranar da na gaskiya zai zo a wuce shi.

Masu goyon bayan gargaɗi kuwa suna nuni da wani misali da ya kamata ya burge ɗalibin nahawu. A idon mutum, −2147483648 kalma ɗaya ce. A nahawun C kuwa kalma biyu ce: alamar korewa, da adadin 2147483648. Mafassari yana fara sanya adadin a aji kafin ya dubi alamar. A ƙarƙashin ƙa'idar 1989, a na'urorin da babbar lamba mai alama take da gurabe 32, adadin ya fi ƙarfin ajin mai alama, don haka sai ya faɗa ajin marar alama. Aka kore shi, ya zagaya ya dawo 2,147,483,648, sama da sifiri. Marubuci ya rubuta bashi, na'ura ta karanta dukiya. Shi ya sa har yau ake ganin ƙwararru suna rubuta wannan adadi da ragi, wato −2147483647 − 1, duk da cewa ƙa'idar 1999 ta gyara yadda ake sanya irin wannan adadi a aji. Idan masu gina mafassari da kansu suna taka-tsantsan a wannan wuri, ina ga ɗan koyo?

9.5 Hukunci, da Abin da Ya Shafi Jan Biro

Masana ginin jimla sun bambanta jimla mai bin nahawu da jimla karɓaɓɓiya. Kafa hujja da cewa ƙa'ida ta fayyace ma'anar −x yana tabbatar da na farko ne kaɗai. Ai ba don jimlar da ta karya nahawu aka yi gargaɗi ba. Wannan ƙin ta ake yi. An yi gargaɗi ne don jimlar da ta hau ƙa'ida amma take yawan yaudarar mai ita. Saboda haka tambayar da ta dace ita ce: a cikin masu rubuta wannan jimla, shin da yawa suna nufin wani abu dabam da abin da ta faɗa? Kuma shin wanda yake nufin ta da gangan yana da wata hanya mai sauƙi ta bayyana hakan?

A nan Hausa tana da abin da za ta koyar. Ƙwararren da yake son zagaye yana iya rubuta 0 − x a maimakon −x. Amsa ɗaya ce, na'ura ba ta ƙara wani aiki ba, kuma gargaɗin C4146 ba ya tashi. Abin da ya yi kurum shi ne ya maido da adadin hagu da aka shafe, ya koma ginin "ashirin ba ɗaya". Farashin da ke kansa harafi ɗaya ne. Farashin shiru a kan ɗan koyo kuwa shi ne sanarwar da ba za ta taɓa isa ga hedimasta ba. Idan aka auna biyun, gargaɗi ya rinjaya. Amma ƙin jimlar baki ɗaya a harshe irin C, wanda aka tara rubutu da shi na shekara hamsin, zalunci ne ga dubban rubuce-rubucen da suke daidai. Sabon harshe irin Rust ne yake da wannan 'yanci, tun da bai gaji kayan kowa ba. Ƙorafin da aka yi cewa an ƙyale korewar mai alama gaskiya ne, sai dai abin da yake nunawa shi ne wancan wuri ma yana buƙatar ido, ba wai a rufe ido a wannan ba.

Malamin aji yana da hukuncin nan uku a bakin bironsa. A duba waɗannan jimloli daga insha'in yara:

(6) *Yara ba zo makaranta ba.
(7) Ba duka yara suka zo ba.
(8) Duka yara ba su zo ba.

Jimla ta (6) ta karya nahawu, an bar lamirin suna. Wannan a ja mata layi a gyara. Jimla ta (7) da ta (8) duk sun hau ƙa'ida, amma korewa ba ta faɗa wuri ɗaya ba: a ta (7) wasu sun zo, a ta (8) aji wayam yake. Idan yaro ya rubuta ta (8), sannan a jimla ta gaba ya ce waɗanda suka zo sun share aji, to malami ba shi da hurumin soke ta da sunan kuskuren nahawu, ba shi kuma da uzurin wucewa shiru. Abin da ya dace shi ne ɗan layi a ƙarƙashinta da tambaya a gefen shafi: "Duka, ko wasu?" Maki bai ragu ba, amma yaron ya koma ya dubi abin da ya shafe. Sau da yawa akan ga sababbin malamai a lokacin gwajin koyarwa suna cika shafi da ja, kuskure da abin da ba kuskure ba duk alama ɗaya. Yaron da aka mayar wa irin wannan littafi jimillar maki kaɗai yake dubawa ya rufe. Ya kamata malami ya ware alama ɗaya ta kuskure, wata daban ta gargaɗi, ya bayyana wa aji bambancinsu tun makon farko, kuma ya yi rowar ta biyun, ya ajiye ta don inda ma'ana take cikin haɗari.

9.6 Jinga

1. Rubuta 39 da 48 da 97 da ginin ragi na Hausa, ka nuna adadin hagu da na dama a kowane.
2. Idan Lahadi ce 0, wace rana za a faɗa idan aka koma baya kwana huɗu? Bayyana amsarka da ginin "bakwai ba …".
3. Lamba marar alama mai gurabe 32 tana ɗauke da 12. Mene ne sakamakon kore ta, kuma wane adadi na'ura ta sa a gurbin da aka shafe?
4. Tattaro jimloli biyar daga rubutun 'yan aji biyar ko shida waɗanda suka bi nahawu amma korewarsu ta faɗa inda ba a nufa ba. Rubuta tambayar da za ka sa a gefen kowace.